Tallafin Karatun Jihar Jojiya: Yadda Doka Ɗaya Ta Mayar da Alƙawari Lissafin Shekara-Shekara

Ranar 15 ga Maris, 2011, Gwamna Nathan Deal na jihar Jojiya, da ke kudu maso gabashin Amurka, ya sa hannu a kan wata doka mai lamba 326. Wata biyu ke nan kacal da hawansa kujera. Dokar ta shafi HOPE, shirin tallafin karatun da jihar ta fi tinƙaho da shi, kuma wanda ya dube ta sama-sama zai ce ba a yi wa shirin wani mugun lahani ba. Sunansa na nan. Hukumar da ke biyan kuɗin ita ce dai ta da. Ɗalibin da ya gama sakandare da matsakaicin maki 3.0 cikin 4 har yanzu ya cancanta. Wurin da aka sa wuƙa shi ne layin da ke faɗin nawa za a ba shi.

Shekara goma sha takwas amsar wannan tambaya ba ta da wahala: duk abin da jami'ar gwamnati ta yanke a matsayin kuɗin karatu, HOPE zai biya. In jami'a ta ƙara, tallafin ya bi ta a baya ba tare da kowa ya ɗaga hannu a majalisa ba. Sabuwar dokar ta raba su. Daga ranar, majalisa ce za ta riƙa tsayar da adadin kowace shekara cikin kasafin kuɗi, tana duban abin da ya shigo asusun shirin. A shekarar farko aka tsayar da shi a kan kashi 90 cikin 100, kuma kashi 90 na kuɗin bara, ba na bana ba.

Ga yadda abin ya fito a takardar biyan kuɗi. A Jami'ar Jojiya da ke garin Athens, kuɗin karatun ɗan jiha a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 dala 7,070 ne. Kashi 90 na wannan ya kama dala 6,363. Kafin ɗalibai su dawo hutu, hukumar da ke kula da jami'o'in jihar ta ƙara kashi 3, kuɗin ya koma dala 7,282. Ashe tun a zangon farko abin da ake kira kashi 90 ya riga ya zama kashi 87. Dala 300 da ake bayarwa ta sayen littattafai a shekara an soke ta. An soke abin da shirin ke biya na sauran kuɗaɗen hidima da jami'a ke ɗora wa ɗalibi. Sannan akwai wani kuɗi na musamman da aka ƙirƙiro a 2009, da sunan na wucin gadi ne saboda matsin tattalin arziki. A wannan shekarar aka ɗaga shi a Athens zuwa dala 450 a kowane zango. Tunda ba a kira shi kuɗin karatu ba, tallafi bai san da zamansa ba. Iyayen da suka yi shekaru suna ce wa yaro ya riƙe makinsa kawai, sauran na gwamnati ne, sai ga shi suna neman fiye da dala dubu da ba su taɓa sa ta a lissafi ba.

Daga gidan dutse zuwa tikitin caca

Mutumin da ya kafa shirin, Gwamna Zell Miller, ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Young Harris a duwatsun arewacin jihar. An haife shi a 1932, mahaifinsa ya rasu yana da kwana 17 a duniya. Mahaifiyarsa ce ta riƙa tsamo duwatsu daga rafi har aka gina gidan da ya tashi a ciki. Ya shiga rundunar sojan kundumbala ta ruwa, da ya fito kuma ya yi karatu a Jami'ar Jojiya da tallafin da gwamnatin tarayya ke ba tsoffin sojoji. Daga nan ya ɗauko tunanin: ka yi wani abu, a saka maka da karatu. Ga soja, abin shi ne bautar ƙasa. Ga ɗan sakandare, maki mai kyau.

A yaƙin neman zaɓen gwamna na 1990 ya faɗi inda kuɗin zai fito, wato cacar gwamnati. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba. Jojiya jiha ce ta masu riƙo da coci, kuma limaman majami'u da dama sun yaƙi shawarar da hujjar da mai karatu Bahaushe ba zai ji ta baƙuwa ba: caca caca ce, ko da an rataya mata allon makaranta a wuya. Da aka kai maganar gaban masu zaɓe a Nuwamban 1992, da ƙyar ta sha, da wajen kashi 52 cikin 100. Aka fara sayar da tikiti a ƙarshen Yunin 1993, a kakar wannan shekarar kuma ɗaliban farko suka karɓi HOPE. Wani kason ribar yana tafiya ga ajin share fage na yara 'yan shekara huɗu, kyauta.

Da farko akwai iyaka: iyalin da ke samun fiye da dala 66,000 a shekara ba sa ciki. A 1994 aka ɗaga iyakar zuwa dala 100,000, a 1995 aka cire ta ɗungurungum, domin kuɗin caca ya zo fiye da yadda aka zata. Wannan matakin shi ya sa shirin ya zama ɗan lelen kowa, ɗan likita da ɗan direba, kuma shi ne ya ɗaure hannun duk gwamnan da ya biyo baya. Abin da masu hali suka ɗanɗana, ɗan siyasa ba ya iya ƙwace shi cikin ruwan sanyi. Shi kuwa ɗan talaka, a shekarun farko, in ya samu tallafin Pell na gwamnatin tarayya sai a zabtare daidai wannan daga HOPE ɗinsa; sai a zamanin Gwamna Roy Barnes aka kawar da wannan sharaɗi.

Sunan shirin ya yi nisa. Shugaba Bill Clinton ya aro shi ya raɗa wa wani rangwamen haraji na tarayya a 1997. Jihohi sama da goma, yawancinsu na kudu, suka kwaikwaya: Filorida, Karolina ta Kudu, Kentaki, Tenesi da sauransu.

Masana tattalin arziki ma sun bi diddiginsa. Susan Dynarski, a binciken da ta fitar a 2000, ta gano cewa shirin ya ɗaga yawan matasan da ke shiga manyan makarantu da wajen maki 7 zuwa 8 cikin 100, amma ribar ta fi zuwa ga fararen fata da iyalai masu abin hannu, har ratar da ke tsakaninsu da baƙaƙe ta ƙaru. Wasu malamai biyu na Jami'ar Jojiya, Christopher Cornwell da David Mustard, sun bi ta wata hanya mai ban dariya: suka duba rajistar motoci, suka ga alamar cewa a gundumomin masu kuɗi, abin da iyaye suka tara don karatu ya koma sayen mota. Tikitin cacar kuwa, wanda ake kankarewa da kwabo a kan kantar gidan mai, masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi ba shi kaso mai tsoka na abin da suke samu. Wato kuɗin yana yawan tashi daga unguwar da ba ta cika tura yara jami'a ba, ya sauka a unguwar da ko babu shi za ta tura.

Inda lissafin ya karye

Aibin tsohon tsarin ba a ɓoye yake ba, arziki ne kawai ya rufe shi. Masu yanke kuɗin karatu daban, masu biyan HOPE daban. Majalisa tana iya rage abin da take ba jami'o'i daga baitulmali, hukumar jami'o'i ta cike gurbin da ƙarin kuɗin karatu, asusun caca ya biya wa dubban ɗalibai ƙarin ba tare da ya ce uffan ba. Kamar a ce mutum ya tura yaro kanti da izinin ya karɓi kaya a rubuta, bai tambayi farashi ba, mai kanti kuma ya san haka. Muddin cinikin tikiti yana hawa, babu mai jin zafi.

An fara ganin hayaƙi tun a 2004, lokacin da majalisa ta tsayar da abin da shirin ke biya na kuɗaɗen hidima a kan farashin watan Janairun wannan shekarar. Wutar ta kama sosai bayan rushewar tattalin arziki ta 2008. Mutanen da suka rasa aiki suka yi tururuwa zuwa makaranta, musamman kwalejojin koyon sana'a. Jiha ta datse kasafin jami'o'i, kuɗin karatu ya yi tsalle. Ribar caca, da ta kai sama da dala miliyan 800 a shekara, ta daina hawa da saurin da. Kashewa ta wuce shigowa, aka fara cin ajiya, ƙididdigar gwamnati kuma ta nuna ajiyar ba za ta wuce 'yan shekaru ba. Wanda duk ya ce a 2011 a bar komai yadda yake, bai buɗe littafin ba.

Amma cewa dole a rage abu ɗaya ne, wa za a rage wa kuma abu ne daban. Hanyoyi biyu ne a gaban majalisa. Ta farko, a dawo da iyakar samun kuɗi irin ta 1993, a ci gaba da biya wa marasa ƙarfi cikakke. Wasu 'yan jam'iyyar Dimokurat a majalisar dattawan jihar, cikinsu har da Jason Carter, jikan tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter, sun tura wannan. Ta biyu, a rage wa kowa, a keɓe cikakken biya ga masu maki mafi tsada. Gwamna da jam'iyyarsa ta Rifablikan, masu rinjaye, suka ɗauki ta biyu.

Haka aka haifi sabon mataki, aka sa masa sunan Zell Miller. A dokar 2011, mai son cikakken kuɗin karatu sai ya gama sakandare da matsakaicin maki 3.7, ya kuma ci 1200 a jarrabawar SAT ko 26 a ACT, ko kuwa ya zama na ɗaya ko na biyu a makarantarsu. A jami'a kuma ya riƙe 3.3. Sharaɗin jarrabawar nan shi ne ƙashin bayan maganar. Makin aji malamin da ya san yaro ne ke ba shi. Makin SAT kuwa an daɗe da sanin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da arzikin gida, da irin makarantar da yaro ya yi, da ko an biya masa darasin share fage. Ba a daɗe ba alƙaluma suka nuna abin da ake tsoro. Mafi yawan masu riƙe da tallafin Zell Miller suna jami'o'i biyu ne, ta Athens da Georgia Tech ta Atlanta, kuma baƙaƙen fata, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen jihar, 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Ni dai a ganina, raba tallafin da kuɗin karatu lissafi ne da ba a iya kauce masa, amma zaɓen wanda za a kare siyasa ce tsagwaronta, kuma an kare wanda ya fi iya kare kansa.

Mata biyu, suna ɗaya

Shugabar marasa rinjaye a majalisar wakilan jihar a lokacin ita ce Stacey Abrams. Ta zaɓi ta zauna a teburi da gwamna, ta mara wa dokar baya. Hujjarta ita ce, ko da ita ko babu ita dokar za ta wuce, gara a ciro abin da za a iya cirowa. An samu shirin rance mai ruwan kashi 1 cikin 100 ga ɗaliban da suka maƙale, kuma ajin yara 'yan shekara huɗu, da gwamna ya so mayar da shi rabin yini, ya tsira da cikakken yininsa, ko da yake an yanke masa kwana 20 a shekara.

Wata 'yar jam'iyyarta, Stacey Evans, ta ƙi. Ita ta tashi cikin talauci a arewacin jihar, suna ƙaura daga wannan gidan tirela zuwa wancan, kuma da HOPE ta yi jami'a. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya wani sashe ne da manyan jaridu ba su cika tsayawa a kansa ba. Akwai reshen shirin na kwalejojin sana'a, inda ake koyon walda, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, aikin jinya, tuƙin babbar mota. Da yawa daga cikin ɗaliban nan manya ne masu iyali, suna aiki da rana suna karatu da dare. Dokar ta ɗaga makin da ake bukata su riƙe zuwa 3.0. Dubbai suka faɗi daga shirin, rajistar kwalejojin ta yi ƙasa, masu masana'antu suka fara ƙorafin rashin ƙwararrun hannu. A 2013 majalisar da ta ɗaga makin ta dawo da shi 2.0, Evans na cikin waɗanda suka ja ragamar gyaran.

Rigimar ba ta mutu ba. A 2018 matan biyu suka kara a zaɓen fid da gwani na takarar gwamna, kuma ƙuri'ar 2011 ita ce sandar da Evans ta fi ɗagawa. Abrams ta yi nasara da rata mai yawa. A watan Maris na wannan shekarar Zell Miller ya rasu.

Akwai wani gyaran da ya nuna yadda sharaɗin maki ke lanƙwasa halin ɗalibi. Yaron da ya san faɗuwa ƙasa da 3.0 za ta raba shi da dubban daloli, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki kwas ɗin kimiyyar sinadarai ko lissafi mai zurfi. Bincike ya nuna irin waɗannan shirye-shirye suna rage masu kammala digirin kimiyya da injiniya. A 2016 majalisa ta yi dokar ƙara rabin maki ga wasu kwasa-kwasan kimiyya wajen lissafin HOPE, don a rage tsoron.

Luwiziyana ta bi sahu, da nata salon

Shirin jihar Luwiziyana, TOPS, yana ɗauke da sunan wani attajirin mai, Patrick Taylor, wanda a 1988 ya tsaya gaban ɗalibai 183 na wata makaranta a New Orleans ya yi musu alƙawarin biyan kuɗin jami'a in sun dage. Jiha ta mayar da tunanin doka mai faɗi a 1997. Ita ba da caca take biya ba. Yawancin kuɗin daga baitulmali yake fitowa, da wani kaso na diyyar da kamfanonin taba suka biya jihohi. Ciwon dai iri ɗaya ne. A zamanin Gwamna Bobby Jindal an yi wa kasafin jami'o'i yankan rago, wata dokar 2010 kuma ta ba su damar ƙara kuɗin karatu har kashi 10 a shekara. TOPS yana biye, har nauyinsa ya doshi dala miliyan 300.

A 2015 majalisa ta zartar da ƙudurin raba tallafin da kuɗin karatu, Jindal ya hau kujerar na ƙi. Shekara ɗaya bayan nan magajinsa, John Bel Edwards, ya sa hannu a kan kusan irinsa. Luwiziyana ba ta yi maganar kashi kaza ba, sai ta daskarar da adadin a kan farashin shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017, ba ya motsi sai majalisa ta kaɗa ƙuri'a. A wannan shekarar ma kuɗin bai cika ba: wajen kashi 70 na abin da ake bukata aka ware, kuma da yake an biya kusan duka a zangon farko, a zango na biyu ɗalibai suka tashi da kimanin kashi 42 na kuɗin karatunsu. Aƙalla majalisar ta yi abu ɗaya na adalci, ta ce a raba asarar a kan kowa, maimakon tsohuwar ƙa'idar da za ta fara zubar da masu ƙarancin maki a ACT.

Daskarewa ba ta da hayaniya, shi ya sa 'yan siyasa ke son ta. Babu ranar da za a ce an rage. Hauhawar farashi ce ke yin aikin a hankali, kamar yadda duk wanda ya taɓa karɓar alawus ɗin hukumar tallafin karatu ta jiharsu ya sani. Jami'o'in Luwiziyana kuwa suka koma ƙara kuɗaɗen hidima, waɗanda TOPS ba ya biya. Filorida ma ta bi wannan zagaye: a 2009 ta mayar da tallafinta tsayayyen adadi, a 2017 da 2018 ta dawo da biyan kashi 100 da kashi 75. Tenesi, da ta fara nata a 2004 bayan ta ga abin da ke tafe, tun farko adadi tsayayye ta rubuta, ba ta taɓa cewa za ta biya duk abin da jami'a ta nema ba.

Dawowar kashi 100

A Jojiya giɓin ya yi ta faɗi. A 2015 an ƙara kuɗin karatu da kashi 9 a manyan jami'o'in nan biyu, ta Athens da Georgia Tech, kuma a tsakiyar shekarun 2010 HOPE a Athens bai wuce kimanin kashi uku cikin huɗu na kuɗin karatu ba. A ƙananan kwalejoji masu araha giɓin bai kai haka ba. Ana cikin haka ribar caca ta farfaɗo, ta haura dala biliyan ɗaya a shekara tun 2016. Dokar 2011 ta wajabta a ajiye rabin ribar shekarar da ta gabata don ranar tsiya, amma ajiyar ta zarce wannan nesa ba kusa ba, masu suka kuma suka fara tambayar dalilin da za a tara kuɗi a asusu ɗalibai suna cin bashi. Akwai kuma tsohon ƙorafi: dokar caca ta ce a yi ƙoƙarin miƙa wa ilimi kashi 35 na ciniki, hukumar cacar kuwa ta daɗe tana miƙa wajen kashi 25, tana cewa manyan kyaututtuka ne ke jawo masu saye.

A 2022 aka soke kuɗin nan na musamman da aka ce na wucin gadi ne, bayan ya shekara goma sha uku. A shekarar aka kuma kafa wani ɗan tallafi, har dala 2,500, ga ɗaliban da suka kusa gamawa kuɗi ya tsayar da su, a jihar da ta daɗe cikin 'yan ƙalilan da ba su da babban shirin tallafi bisa bukata. Sai a 2023 Gwamna Brian Kemp ya sa a kasafinsa a biya HOPE kashi 100 na kuɗin karatu. Majalisar wakilai ta so a tsaya a kashi 95, da hujjar cewa in kowa zai samu cikakke, me ya rage wa mai tallafin Zell Miller da ya fi wahala? A ƙarshe ra'ayin gwamna ya yi rinjaye.

An yi ta murna cewa HOPE ya dawo yadda Miller ya bar shi. Bai dawo ba. Kuɗin littattafai bai dawo ba, na hidima bai dawo ba, kuma kashi 100 ɗin a cikin kasafin kuɗi aka rubuta shi, takardar da ake sake rubutawa kowace shekara. Tsarin 2011, wanda ya ba majalisa ikon tsayar da adadin, yana nan daram. Mai tallafin Zell Miller ne dokar ta ɗaure nasa da kuɗin karatu na shekarar da ake ciki. Ɗalibin HOPE na gama-gari, mai maki 3.0, sai ya jira zaman majalisar da ake buɗewa kowane Janairu a Atlanta kafin ya san abin da zai samu a watan Agusta.